Biranen Sin da Musulminta a Idon Matafiyi

(Laccar da aka gabatar a garin Dingyaɗi, ƙaramar hukumar Boɗinga, jihar Sakkwato, a taron ɗalibai da matasan gari)

 

  

Ɗaliban garin nan ne suka nemi in ba su labarin tafiyata ƙasar Sin, da yadda na sami 'yan'uwanmu Musulmi a can. Ban je da kuɗin sari ba, kuma ba gwamnati ta tura ni ba. Jakar goyo na saɓa, na kwana a masaukai masu arha inda ake haɗa baƙi da yawa ɗaki guda, na ci abincin bakin titi, na bi jirgin ƙasa daga birni zuwa birni. Daɗin irin wannan tafiya shi ne babu mai jan ka ya nuna maka abin da yake so ka gani. Amma wanda bai jin harshen gari, idonsa kaɗai ke aiki, don haka na haɗa abin da na gani da abin da ke rubuce a tarihi.

Maganata guda ce, zan bi ta cikin batutuwa shida. Musulmin Sin sun shekara fiye da dubu suna tsiraru, kuma ba mulki ya riƙe su ba. Sana'a ce da makaranta da unguwa. Duka ukun muna da su a nan, sai dai mu tambayi kanmu yadda muke riƙonsu.

Batu na ɗaya: birnin kansa

Ƙofar mutanenmu ta shiga Sin ita ce Guangzhou, wadda 'yan kasuwa ke kira Gwanzu, ta hanyar Adis Ababa ko Alƙahira. Ƙidayar 2020 ta ba birnin mutum sama da miliyan 18. Ku tuna ƙidayar 2006 ta ba jihar Sakkwato kaf mutum miliyan 3.7. Mutum zai zata hayaniya za ta hana shi jin maganar na kusa da shi. Ba haka na tarar ba. Tun 2007 aka hana babur mai shan fetur shiga tsakiyar birnin, masu lantarki ne ke wucewa sululu, yawancin jama'a kuwa suna ƙarƙashin ƙasa cikin jirgi. Da asuba tsofaffi sun cika wuraren shaƙatawa suna motsa jiki, da dare kuma mata masu jikoki suna rawa a fili cikin sahu, ba mai kallonsu.

Jirgin ƙasa mai tsananin gudu sai a 2008 suka fara shi, tsakanin Bejin da Tianjin. Yau dogonsa ya haura kilomita 40,000. Daga Bejin zuwa Gwanzu kusan kilomita 2,300 ne, wato nisan Sakkwato zuwa Legas sau biyu har da ɗoriya, jirgin kuma yana cinye shi cikin awa takwas ko kusa da haka. Kuɗin hannu sun kusa ɓacewa. Mai kayan miya a bakin kasuwa ta rataye 'yar takarda mai zane, ka haska ta da waya ta WeChat ko Alipay, ciniki ya faɗa.

To amma tsarin nan da tsadarsa. Duk inda ka ɗaga kai kyamara na kallonka. Ba ka sayen tikitin jirgi sai da fasfo. Ba ka shiga tashar ƙarƙashin ƙasa sai jakarka ta bi ta na'ura. Baƙo dole a rubuta sunansa wurin 'yan sanda cikin awa 24 da saukarsa. Facebook da WhatsApp da YouTube duk a toshe suke. Na san abin da ke ran wasunku. Mu da ba mu iya bin hanyar Isa da Sabon Birni da kwanciyar hankali, me zai hana mu ce a kawo mana kyamarar, a toshe Facebook ɗin, mu dai mu yi barci? Tambaya ce mai nauyi. Ku riƙe ta, za mu iske ta a batu na biyar.

Batu na biyu: wa ya gina birnin?

A 1978, lokacin da Deng Xiaoping ya buɗe ƙasar ga kasuwanci, cikin kowane mutum biyar na Sin ko ɗaya cikakke ba ya zaune a birni. A 2011 mazauna birni suka haura rabi, a 2020 suka kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Shenzhen, wadda aka keɓe don masana'antu a 1980 tana ƙaramin gari, yanzu tana da mutum sama da miliyan 17. Wayar Tecno ko itel da ke aljihun da yawa daga cikinku, kamfanin Transsion na wannan birni ne ke yin ta.

Su wa suka ɗauki bulo, suka zauna gaban keken ɗinki? 'Yan ci-rani ne irin namu da ke tafiya Kurmi bayan kaka, sai dai nasu sun doshi miliyan 300. Tun 1958 akwai dokar rajistar gida da suke kira hukou, wadda ke ɗaure mutum da garinsu na asali. Yana iya aiki a birni shekara da shekaru, amma makarantar gwamnati da asibiti mai rangwame su yi wa ɗansa wuyar samu a can. Shi ya sa miliyoyin yara ke girma a ƙauye hannun kakanni, iyaye ba su ganinsu sai lokacin bikin sabuwar shekara. Na zauna da irin waɗannan mutane a jirgin talakawa mai tafiyar dare, da buhunansu da bokitansu, wasu suna barci a tsaye. Ƙannena, duk wanda ya nuna muku hoton dogayen benaye a waya, ku tambaye shi ina hoton wanda ya gina su.

Batu na uku: yaya Musulunci ya isa can?

Littattafan tarihin daular Tang sun rubuta isowar jakadun Larabawa a shekarar 651, zamanin halifancin Sayyidina Usmanu. Amma fatake ne suka dasa addinin, wasu ta teku zuwa Gwanzu da Quanzhou, wasu ta tudu a kan hanyar siliki zuwa Xi'an. Suka zauna, suka yi aure, suka hayayyafa.

A Gwanzu akwai masallacin Huaisheng, mai hasumiya mulmulalliya wadda ta kai mita 36, ana lissafa shi cikin mafi tsufa a ƙasar. Kusa da tashar jirgin ƙasa kuma akwai hubbaren da mutanen garin ke cewa na sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne. Allah ya gafarta malamai, kun fi ni sanin cewa malaman tarihinmu sun tabbatar Sa'adu a kusa da Madina ya rasu, a Baƙi'a aka rufe shi. Haka maganar nan da ake yawan jingina wa Annabi kan neman ilimi har birnin Sin, malaman hadisi sun raunana ta. Duk da haka, masallacin da ke jikin hubbaren nan ne ya fi tara jama'a ranar Juma'a. A sahu ɗaya za ka ga Basine da farar hula, Bayamale, Bapakistane, mutumin Mali da Bakano. Hanafawa ne, don haka mai sadalu zai ga ana ɗan satar kallonsa. Alƙibla kuwa yamma take, mu da muka saba fuskantar gabas sai mun kiyaye.

A Quanzhou akwai masallacin dutse da aka gina a 1009. Nan ne Larabawa ke kira Zaituna, kuma nan Ibn Baɗuɗa ya sauka wajen 1345. Ya ba da labarin cewa a manyan biranen Sin Musulmi na da unguwarsu da alƙalinsu da shehinsu, ya kuma yi mamakin mutanen da ke ciniki da kuɗin takarda. Wannan matafiyi dai shi ne bayan 'yan shekaru ya ratso Mali har Takadda a ƙasar Azbin, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Mutum ɗaya, a kan raƙumi da jirgin ruwa, ya ga Sin ya kuma ji labarin ƙasarmu. Bayansa an yi Zheng He, ɗan gidan Musulmi, wanda ya jagoranci jiragen ruwan sarkin Sin sau bakwai tsakanin 1405 da 1433, har suka kai gaɓar Afirka ta gabas.

Yau ƙabilu goma ne a Sin da aka san su da Musulunci, jimillarsu ta haura miliyan 20. Manyan su biyu ne, kowace sama da miliyan 11. Hui suna jin Sinanci, sun bazu ko'ina, da kama ba ka bambanta su da maƙwabtansu. Uighur kuwa harshensu dangin Turkanci ne, ƙasarsu Xinjiang a can yamma. Ku riƙe wannan bambanci, don rayuwarsu ba ɗaya ba ce.

Batu na huɗu: me ya riƙe su?

Nan ne zan ɗan daɗe, shugaban taro ya yi mini haƙuri.

Na farko sana'a. Matafiyi Musulmi ba ya kwana da yunwa a birnin Sin, ko da yake naman alade ne naman gari. Da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga shago mai koren allo ba, wani har da hoton buta, alamar abincin halal ke nan. A ciki saurayi na tsaye yana jan curin fulawa da hannu, ya ninka, ya sake ja, har ya zama taliya siririya, a zuba mata romon naman sa. Taliyar Lanzhou ake ce mata, ana kuma danganta ta da wani Musulmi, Ma Baozi, wajen 1915. Da yawa cikin masu shagunan nan ba 'yan Lanzhou ba ne. Mutanen Hualong ne, wata gunduma mai duwatsu da ƙarancin ruwa a lardin Qinghai. Yaro zai fara da wanke kwanuka a shagon kawunsa, ya koyi jan taliya, in hannunsa ya faɗa dangi su haɗa masa jari ya buɗe nasa a wani birni, shi ma ya aika ƙauye a turo masa yaro. Da haka mutanen gunduma guda suka kafa dubban shaguna a faɗin ƙasar. Ci-rani suka fita, amma sun fita da sana'ar da take tasu, wadda kuma addininsu ne jarinta, tun da hatta wanda ba Musulmi ba ya yarda da tsabtar namansu. Namu 'yan ci-ranin fa, da me suke fita, da me suke komowa?

Na biyu makaranta. A ƙarni na 16 wani malami, Hu Dengzhou, ya lura Larabci na ɓacewa a bakin jama'arsa. Sai ya kafa tsarin karatu a masallaci: ɗalibai su zauna wurin malami, unguwa ta ciyar da su, su karanta Larabci da Farisanci da fiƙihu. Wannan bai yi muku kama da karatun zaure ba? Suka kuma ƙirƙiro rubuta Sinanci da haruffan Larabci, ajaminsu ke nan. A farkon ƙarni na 18 Liu Zhi na birnin Nanjing ya rubuta tarihin Annabi da bayanin tauhidi cikin Sinanci na masu ilimi, don maƙwabci ya karanta ya daina yi musu kallon baƙi. A 1981 aka buga fassarar Alƙur'ani ta Ma Jian, wanda ya yi karatu a Azhar.

Iyaye mata, ga naku. A tsakiyar Sin, musamman lardin Henan, akwai masallatan mata zalla da malamai mata ke jagoranta. Ɗaya a birnin Kaifeng an gina shi a 1820, shekara uku bayan rasuwar Shehu Usmanu. Mu da muke zaune kusa da Sifawa inda Shehu ya zauna yana karantarwa, da Boɗinga inda Malam Abdullahi ya zauna, mu da muka gaji 'Yan Taru na Nana Asma'u da jajinta masu bin ƙauyuka, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Al'umma biyu, ba su taɓa jin labarin juna ba, suka gano abu ɗaya: addini ba ya zama a gida sai uwa ta san shi, kuma sai an faɗe shi da harshen da ake magana da shi a tsakar gida. Har Ƙadiriyya ta kai can. A Linxia akwai hubbaren shehinsu Qi Jingyi, wanda ya rasu a 1719, ana ziyartarsa har yau.

Na uku unguwa. A Xi'an na shiga unguwar Musulmi, lunguna cike da hayaƙin gashi, ana gutsuttsura gurasa a kwano a kwarara mata romon rago. A tsakiyarta babban masallaci yake, ginin katako na zamanin daular Ming, farfajiya bayan farfajiya, rufinsa irin na Sinawa, ba ƙubba. Sai ka kai zauren salla ka ga an sassaƙa ayoyi a bangon katako. Gida da shago da mahauta da masallaci duk tafiyar ƙafa ce. Tsakanin 1966 da 1976, zamanin juyin al'adu na Mao, an rufe masallatai, an wulaƙanta limamai. Da aka sassauta, cikin 'yan shekaru masallatan suka sake cika. Me ya sa? Abin yana ajiye a gidaje da zukatan tsofaffi.

Batu na biyar: abin da ba a nuna wa baƙo

Ba zan tsaya gaban iyayena in faɗi rabin magana ba. Daga 2017 aka tsare ɗimbin 'yan Uighur da wasu Musulmi a sansanoni a Xinjiang. Gwamnatin Sin ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne da yaƙi da ta'addanci. A ranar 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa an tafka munanan take haƙƙi, waɗanda za su iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama. Sin ta yi watsi da rahoton. Kafin nan, a Yulin 2019, ƙasashe 37 sun sa hannu a wasiƙar goyon bayan Sin kan wannan batu, cikinsu har da Saudiyya da Pakistan da Masar da Najeriya. Kowa ya auna da kansa.

'Yan Hui na wajen Xinjiang ba su shiga wannan uƙuba ba, amma su ma an matse su. Ƙarƙashin manufar mayar da addinai su dace da al'adar Sin, an sauke ƙubbobi da hasumiyoyi daga masallatai masu yawa, an kankare rubutun Larabci daga allunan shaguna. Jama'a sun yi zaman dirshan a masallacin Weizhou na Ningxia a 2018, an kuma yi arangama da 'yan sanda a Najiaying ta Yunnan a 2023. Aikin hajji sai ta hannun hukuma. Wanda ya fi ciwo, a wurare da dama an hana yara 'yan ƙasa da shekara 18 karatun addini. Ƙubba ado ce, masallacin Xi'an ya shekara ɗaruruwa ba shi da ita. Amma in aka raba yaro da makaranta, an taɓa ɗaya daga cikin ukun da na lissafa.

Yanzu ku fito da tambayar da na ba ku ajiya. Kyamarar da ke kama ɓarawo ita ce ke ƙirga masu shiga masallaci. Muna bukatar tsaro, ba mai musu. Amma duk ƙarfin da za a ba hukuma, a tambaya tun wuri wa zai tsawata mata in ta juya shi kan mai salla.

Batu na shida: mu da su

Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1971. A Gwanzu unguwannin Xiaobei da Sanyuanli sun zama zangon 'yan Afirka, za ka ji Hausa a bakin shagon masu haɗa kaya. Baje kolin birnin, wanda aka fara a 1957, ana yin sa sau biyu a shekara. Wasu kuma Yiwu suke nufa, kasuwar ƙananan kaya mai dubban shaguna. Zaman ba kullum yake da daɗi ba. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Gwanzu, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ran Najeriya.

Amma ku dubi cinikin kansa. Mu kai musu riɗi ɗanye, su kawo mana atamfa da shadda su cika Kantin Kwari. Masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda wani attajirin Sin daga Hong Kong, Cha Chi-ming, ya kafa a 1964, ta tsaya a 2007. Har jakunanmu sun yi tsada saboda ana dafa fatarsu a yi wani magani a can, sai da Tarayyar Afirka ta haramta yanka jaki don fata a Fabrairun 2024. Laifinsu ne? Kowa ya zo kasuwa riba ya zo nema. Rediyon Sin ya fara watsa shiri da Hausa tun 1963, ana kuma koyar da Hausa a jami'ar harsunan waje ta Bejin. Cibiyoyin koyon Sinanci na farko a jami'o'in Najeriya kuwa suna Awka da Legas. Su suna jin abin da muke faɗa a gaban shago, mu sai da tafinta.

Saboda haka roƙona uku ne. 'Yan kasuwa, in kun je sari ku leƙa masana'anta ku ga yadda ake yin abin, ku yi tunanin wane inji ne zai iya aiki a nan kan albasarmu da fatar jar akuyarmu. Wanda Allah ya buɗa wa, ya ja yaro ɗaya daga gida ya koya masa har ya tsaya da ƙafarsa, yadda mutanen Hualong ke yi. Ɗalibai, wani a cikinku ya ɗaura niyyar koyon Sinanci, don garin da ke sayen kayan mutane ya kamata ya sami mai jin maganarsu. Iyayena kuma, makarantar allo da Islamiyya da ta boko duk a buɗe suke a garin nan, babu ɗan sandan da ke tsaye a ƙofa yana tambayar shekarun yaro. Abin da wasu ke nema da hawaye, kada a tarar mu ne da hannunmu muke cire 'ya'yanmu daga ciki muna tura su talla.

 Allah ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sin sauƙi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.